Hayar gida mai esi a hannun ofishin dillali: idan aikin ya ɓaci, wa zai biya?

Ofisoshin dillancin gidaje a Sakkwato sun daɗe da wuce matsayin nuna wa mutum gida su karɓi la'ada. Yanzu da yawansu suna karɓar gida gaba ɗaya daga hannun mai shi, wanda sau da yawa yana Abuja ko Kaduna, su sa masa esi a ɗakuna da falo, su ɗaura hitar ruwa a bayi, su ba da shi haya, sannan su ce kulawar na'urorin na wuyansu. Ana samun irin waɗannan gidaje a Bado, Arkilla, Gawon Nama, Mabera da Runjin Sambo, kuma masu kama su galibi likitoci ne, malaman jami'a, ma'aikatan banki da na kamfanin siminti na Kalambaina. Ɗan haya yakan biya kuɗin shekara, da la'adar da aka saba ta kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin ajiyar ɓarna, wasu ofisoshin su ƙara kuɗin kulawa a kai. Wannan sabis ɗin ne muka auna, da idon masu aikin sanyi da wayarin.

Ta fuskar nemo gida da rubuta takarda, ofisoshin sun fi dillalin bakin titi nesa ba kusa ba. Akwai rasit, akwai adireshin da za ka je ka zauna, akwai wanda zai ɗaga waya. Baƙon da aka turo aiki garin nan a watan Afrilu ya shiga ɗaki mai sanyi a daren farko, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya cancanci a biya shi. Inda sabis ɗin ke da rauni shi ne ingancin ɗaurin na'urorin. Inda ya fi rauni kuma shi ne ranar da na'urar ta tsaya, aka zo maganar wanda zai biya. A ranar ne ake jin maganganun da kowa ya haddace: "ba mu munka sa ba, mai gyara ne", ko "wutar NEPA ce ta ƙone shi", ko "kai ne ba ka kula da shi ba". Kowace cikin ukun tana iya zama gaskiya. Amma na'urar kanta tana ɗauke da shaidar abin da ya kashe ta, kuma wanda ya san inda zai duba ba ya buƙatar rantsuwar kowa.

Kuskure na farko ana yin sa ne tun a shago. Ana auna ƙarfin sanyin esi da ma'aunin BTU: mai ƙarfin doki ɗaya yana ba da 9,000, mai doki ɗaya da rabi 12,000, mai doki biyu 18,000. Ƙa'idar da muke aiki da ita a zafin garin nan ita ce kusan BTU 700 ga kowace murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 sau 4 ke nan yana neman 11,200, wato doki ɗaya da rabi. Falo mai mita 5 sau 6 yana neman 21,000, doki biyu ma bai kai ba. Idan bangon ɗakin yana kallon yamma, ko kwano ne a sama da silin mara kauri, sai a ƙara. Ofishin da ke sayen na'urori shida a lokaci guda yakan saye su duka iri ɗaya masu doki ɗaya, don sun fi araha. A watan Janairu babu wanda zai gane. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, kwamfireson, wato injin da ke matsa gas ɗin esi ya zagaya, ba zai sake hutawa ba, dare da rana yana gudu, ɗakin kuma ba zai yi sanyi ba.

Akwai kuma wani harafi a jikin farantin bayanin na'urar da ba kowa ke dubawa ba. Na'urar da aka rubuta wa T1 an gwada ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35. Wadda aka rubuta wa T3 an gwada ta a digiri 46, an yi ta ne don ƙasashe masu zafi irin namu. Mai T1 tana aiki a Sakkwato, amma da azahar ɗin bazara ƙarfinta yana raguwa sosai, wani lokaci ta yanke da kanta don kare kwamfireso. Wanda ya zaɓi na'ura shi ke da alhakin girmanta da ajinta. Ɗan haya bai je shagon ba.

Sai ɗaurin. Nan ne ya kamata a daɗe, don mafi yawan rigimar daga nan take tasowa, kuma tun ran gini ran zane.

Bututu biyu ne ke haɗa injin ciki da na waje, siriri da mai kauri. Ga doki ɗaya yawanci inci 1/4 ne da 3/8, ga doki biyu 1/4 da 1/2. Ya kamata su zama jan ƙarfe na gaske, mai kaurin bango milimita 0.8, saboda gas ɗin R410A da R32 da ke cikin sababbin na'urori matsinsu ya fi na tsohon R22 da fiye da rabi. A kasuwa akwai bututun alminiyom da aka yi wa kai da jan ƙarfe, akwai kuma siririn jan ƙarfe mai arha. Dukansu suna tsagewa a wurin lanƙwasa ko a mahaɗa. Idan aka zame robar da ta rufe bututun aka kankare shi kaɗan da wuƙa, farin ƙarfe zai tona asiri.

Bakin bututun ana buɗe shi ne kamar bakin kakaki, a ɗaure shi da noti. Idan ba a goge ƙaiƙayin yankan ba, ko aka matse notin fiye da kima har bakin ya tsage, ko aka bar shi sako-sako, gas zai riƙa tsiyaya a hankali, wata biyu ko uku kafin sanyi ya ɗauke. Alamar ita ce danshin mai a kan notin, wanda ƙura ta manne wa ta yi baƙi. Kumfar sabulu ma tana nuna wurin. A nan muna so kowane ɗan haya ya riƙe magana ɗaya: gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar gas ɗin girki. A rufe yake zagayawa. Idan ya ragu, to akwai inda yake fita. Ofishin da ke turo yaro duk bayan wata huɗu ya "ƙara gas", ya kuma caji ɗan haya, yana sayar masa da sakamakon kuskuren ɗauri ne. Gyaran gaskiya shi ne a nemo ramin, a sake bakin bututun, a gwada matsi da iskar naitirojin, a zuƙe iska, sannan a zuba gas bisa sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin injin waje.

Zuƙe iskar nan ita ce matakin da aka fi tsallakewa. Kafin a saki gas cikin sababbin bututu, dole a jona injin zuƙa ya fitar da iska da danshin da ke ciki, aƙalla minti 15 zuwa 30, mai ma'aunin zuƙa kuma ya jira har ma'aunin ya sauka zuwa maikiron 500. Mai gaggawa yakan ɗan saki gas ya hura bututun na daƙiƙa biyar, ya ɗaure. Man da ke cikin kwamfireson R410A yana shan danshi, danshin ya zama asid, asid ɗin ya ci rufin wayoyin da ke cikin kwamfireso. Ba ya mutuwa a ranar, sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da kowa ya manta wanda ya ɗaura. Idan kwamfireso ya ƙone aka tarar mansa ya yi baƙi yana wari, to a tambayi ofishin: shin mai ɗaurin ya zo da injin zuƙa ranar ɗauri? Yawancin kamfanoni ba sa biyan garanti idan ɗaurin ya saɓa wa littafin na'urar, don haka ganganci a nan yana cinye garantin mai gida ma.

Tsawon bututu shi ma yana da lissafi. Gas ɗin da na'ura ke zuwa da shi yakan ishi kusan mita 5. Abin da ya ɗora a kai sai an ƙara gas, a ƙananan na'urori wajen giram 15 zuwa 20 ga kowace mita, littafin ya faɗi adadin. Idan aka ja bututu mita 9 don a ɓoye injin waje a bayan gida ba a ƙara komai ba, na'urar ta fara rayuwarta da ƙarancin gas.

Injin waje kuwa numfashi yake so. A bar masa kamar santimita 30 a baya, gabansa a buɗe wajen mita 2. Abin da ake yawan gani shi ne an cusa shi a lungun da ke tsakanin bango da katanga, ko an kewaye shi da kejin ƙarfe mai ƙananan ramuka don tsoron ɓarayi, ko an jera uku suna hura wa juna zafi, ko an kafa shi a bangon yamma inda ranar la'asar ke dukansa. Tsoron ɓarayi gaskiya ne, amma keji mai faɗin ramuka yana tsare injin ba tare da shaƙe shi ba. Bututun zubar ruwa kuma ya gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita. Idan ya kwanta ko ya ɗaga, da damina ruwa zai dawo ya bi bango, ya ɓata fenti, ya jiƙa katifa, wani lokaci ya sauko da silin. Wannan ɓarnar ce wasu ofisoshin ke cirewa daga kuɗin ajiyar ɗan haya ranar tashi, alhali ma'aunin ruwa na magina zai nuna a minti ɗaya cewa injin cikin a karkace aka ɗaura shi.

Maganar wuta ta fi sarƙaƙiya, don a nan ofishin yana da hujja ta gaske. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kawo wa Sakkwato ya kamata ta zama volt 230, amma a bazara, lokacin da kowa ya kunna na'ura, a unguwanni da yawa takan faɗi ƙasa da 190. Kwamfireso a irin wannan wutar yana gurnani ya kasa tashi, ya ja wuta fiye da kima, ya yi zafi. Ba ofishin ya kawo ƙarancin wutar ba. Amma duk mai sana'ar gida a garin nan ya san da shi, don haka ɗaura esi ba tare da sitabilaiza ko na'urar kariya mai jinkirta tashin kwamfireso minti 3 ba sakaci ne, ba ƙaddara ba. Haka wayarin: doki ɗaya da rabi yana jan amfiya 5 zuwa 6 yana gudu, ya ninka haka sau da yawa a lokacin tashi, yana buƙatar layinsa shi kaɗai da waya mai milimita 2.5 da birekarsa. Doki biyu a ba shi milimita 4, musamman idan layin da nisa. Idan aka buɗe makunni aka ga an ɗauko wutar daga soket ɗin ɗaki da waya mai 1.5, robarta ta narke ta yi baƙi, to maganar NEPA ta ƙare. Wannan kuskuren ba na'ura kaɗai yake kashewa ba, gobara yake haifarwa cikin silin da dare, mutane suna barci.

Hitar ruwa ba a cika kula da ita ba, don amfaninta wata uku ne, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyin hunturu. Amma ita ce ta fi haɗari ga rai. Abu uku ake dubawa: wayar ƙasa da ta isa sandar da aka binne da gaske, makunnin kariya mai yanke wuta idan miliamfiya 30 ta zurare, da bawul ɗin rage matsi da ke zuwa cikin kwalin hitar. Mai aikin famfo da bai sani ba yakan ga bawul ɗin yana ɗiga ya toshe shi, ko ya cire shi gaba ɗaya. Ɗigar nan aikinsa ce. Idan ma'aunin zafi ya lalace kuma bawul a toshe, tankin zai iya fashewa. Duk wanda ya ji famfon wanka yana ɗan jan hannu, ya kashe hitar daga bireka a take, ya sanar da ofishin a rubuce a ranar. Idan kuwa tankin sama ya ƙare aka kunna hita babu ruwa har ƙarfen dumamarta ya ƙone, wannan na mai kunnawa ne.

Don adalci, ɗan haya ma yana da nasa. Ragar tace ƙura da ke injin ciki, a hunturu sai an wanke ta duk mako biyu. Idan ta toshe, iska ba ta ratsawa, ƙanƙara ta kama injin ciki da babban bututu, ruwa ya yi ta ɗiga. Wanda ya shekara bai buɗe murfin ba, ko ya ɗora esi biyu a kan ƙaramin janareto, ko ya kira nasa mai gyaran ya taɓa na'urar ba da sanin ofis ba, ya ba ofishin hujja da hannunsa. Kafasita kuma, wato ƙaramar na'urar da ke taimaka wa kwamfireso ya tashi, kayan lalacewa ce, zafi yana kumbura ta ko da an yi ɗauri mai kyau, kuɗinta kaɗan ne, ba abin zuwa kotu ba ne.

To, wa zai biya? Ya danganta da rigar da ofishin ya sa a cinikin, kuma riguna uku ne.

Idan ofishin haɗa ka kawai ya yi da mai gida, mai gidan ne ya sa na'urorinsa tun da farko, to yarjejeniyar haya tsakaninka da mai gida take, gyara kuma yana bin abin da aka rubuta. Ofishin ba ya lamunin aikin da bai sa aka yi ba. Amma yana ɗauke da nauyin bakinsa. Idan ya ce maka sababbi ne alhali ya san na hannu ne da aka wanke, ko ya san ɗan hayan da ya tashi ya yi ta ƙorafin yoyon gas ya ɓoye, wannan ɓoye aibi ne, kuma ko a dokar ƙasa ko a shari'a ana kama shi da shi.

Idan ofishin wakilin mai gida ne wajen kula da gidan, shi ya nemo mai ɗauri, ya yi ciniki, ya biya daga kuɗin mai gida, nan ne aka fi jayayya. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na jihar nan ke hukunci da shi, wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umarce shi. Dokar ƙasa ma kusan nan ta tsaya: wanda ya ɗauki ɗan kwangila mai zaman kansa ba a cika ɗora masa kuskuren ɗan kwangilar ba, sai in shi ma ya yi sakaci wajen zaɓe. Ofisoshin suna son rabin farko na wannan ƙa'idar, suna mantawa da rabi na biyu. Wanda aka ba kuɗin jan ƙarfe ya sayi alminiyom, ya ƙetare umarni. Wanda ya ɗauko yaron da bai gama koyon aiki ba don ya rage kuɗin hannu, bai tambayi ko yana da injin zuƙa ba, bai je ya duba aikin ba, ya yi sakaci. Shi mai ɗaurin ma ba ya kuɓuta daga kuskuren hannunsa, kuma Malikiyya suna ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya tafi da su shagonsa, don haka injin wajen da aka kwance aka tafi gyarawa ya dawo da wani kwamfireso daban, mai shagon zai amsa.

Idan kuwa ofishin ya karɓi kuɗin kulawa daga hannun ɗan haya, ko masu gyaran ma'aikatansa ne, to babu wani labule. Ya sayar da sabis ne, kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai biyan sabis haƙƙin a yi masa aiki mai ingancin da ake tsammani, in ba haka ba a gyara ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A ganinmu, ofishin da ke karɓar kuɗin kulawa sannan ya ce wa ɗan haya ya je ya nemi mai gyaran da bai taɓa gani ba, ya ci amanar ɓangarorin biyu: ɗan haya yana kwana cikin zafi da iyalinsa, mai gida kuma na'urarsa tana mutuwa ba ya nan.

Takardun yarjejeniyar da ofisoshin ke bayarwa su ne suka fi ba mu takaici. Yawanci layi ɗaya ne: ɗan haya zai kula da kayan gida ya mayar da su yadda ya same su. Ba a faɗi yadda ya same su ba. Kafin ka sa hannu, Malam, ka nemi a ƙara shafi guda. A rubuta kowace na'ura da sunan kamfaninta, ƙarfinta, lambar jikinta, irin gas ɗinta da ranar ɗauri. A rubuta cewa wanke raga da batirin rimot na ɗan haya ne, yoyon gas, kwamfireso, wayarin da bututun ruwa na mai gida ne ta hannun ofis. A sa kwanakin da ofis zai turo mai gyara bayan an sanar da shi, awa 48 a bazara ba tsanani ba ne, kuma a rubuta cewa in ya wuce haka ɗan haya zai gyara ya cire daga haya da rasit. A sa cewa za a wanke injin waje da na ciki sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen Fabrairu bayan ƙurar hunturu, ɗaya bayan damina. Mai gida shi ma ya nemi ofis ya ba shi rasit ɗin shago, katin garanti, da takardar mai ɗauri mai lamunin aikin hannunsa na aƙalla wata shida. Ofishin kirki ba ya ƙin wannan shafin, don shi ma yana kare shi.

Yana da kyau a san da wa ake hulɗa. Ƙwararrun masu kula da kadarori suna da rajista da hukumar ESVARBON, wadda dokar 1975 ta kafa, kuma 'yan ƙungiyar masu wannan sana'a ne, wato NIESV, ana iya kai ƙararsu can a ladabtar da su. Dillalai da yawa a gari ba sa cikin wannan tsarin, abin da suke da shi rajistar sunan kasuwanci ce ta CAC, wasu ko ita babu. Irin waɗannan sai sulhu ta hannun mai unguwa ko shugabannin dillalai, in ya ƙi sai kotu. A ɓangaren wayarin kuma, hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin lantarki takardar shaidar ƙwarewa, ba laifi ba ne ka tambayi ofis ko mai wayarinsu yana da ita. Duk ƙorafi a tura shi a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, da hoton notin mai danshin mai ko wayar da ta narke, kafin kowa ya taɓa wurin.

Ranar karɓar makulli kuma kada a je da safe. A je tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana, a rufe ƙofa da taga, a kunna kowace na'ura minti 20. A sa ma'aunin zafi a inda iska ke shiga injin ciki, a sake sa shi a inda take fitowa. Bambancin digiri 8 zuwa 12 ake nema. A fita waje a taɓa babban bututu, ya kamata ya yi sanyi, a duba siririn kada a ga ƙanƙara a kansa. A zuba ruwa kofi biyu a tiren injin ciki a ga ya fita ta waje. Abin da aka samu a rubuta a shafin nan, wakilin ofis ya sa hannu, kai ma ka sa, kowa ya riƙe kwafinsa.